Mai Hayaƙi Mace Ce

Sunana Lauratu. Ƙofar gidana tana kallon ƙofar gidan Ya Suwaiba a Mafoni tun ina amarya, kuma na zauna rubuta wannan ne saboda raina ya ɓaci, har yanzu bai gama hucewa ba. In kun ga na yi zafi a wani wuri, ku yi haƙuri ku wuce gaba.

Ya Suwaiba mai turaren wuta ce. Mahaifinta ɗan Kano ne da ya zo Maiduguri fataucin goro ya ƙi komawa. Mahaifiyarta ta koyi haɗa turare a hannun matan Kanuri, ita kuma ta koya a hannun mahaifiyarta. A garin nan in mace ta girme ka sai ka sa mata "Ya" a gaban suna, shi ya sa ba mai kiranta Suwaiba gatsau sai marar tarbiyya. Gajeriya ce mai jiki, kuma gwiwarta ta hagu tana sanar da ita za a yi ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Aikinta ta soya itace da sukari da turaruka a tsakar gida, ta zuba a kwalabe. Ranar biki a turo keke a ɗauke ta, ta je ta turara ɗakin amarya da amaryar kanta. Ni nake riƙe mata jaka. Ba ta da surutu. Za ki iya zama da ita tun hantsi har azahar ba ta ce miki komai ba sai "miƙo min mafici".

Amma abu guda take taƙama da shi a duniya. Ba 'ya'yanta ba ne, ko da yake sun yi albarka. Ba Makka ba ce, ko da yake ta je. In ta gama turara amarya, ta zauna, aka kawo mata shayi, sai ta dubi matan da ke wurin ta ce, "Kun san ni ce Mai Hayaƙi?"

Yaran yanzu ba su san Mai Hayaƙi ba, don haka bari in faɗa muku.

Da can akwai wani mai fenti a bakin layinmu, Baba Kashim, lokacin yana saurayi. Shi ke rubuta allunan shaguna, yana zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Wata rana da tsakar rana ɓarawo ya sure masa rediyo da gwangwanin fenti ya faɗa lungu a guje. Daidai lokacin Ya Suwaiba, tana budurwa, ta fito daga gida da kaskon turare cike da garwashi za ta kai wa maƙwabta. Ta ari laffayar mahaifiyarta ta naɗe jiki duka har hanci saboda hayaƙi, ido kawai ake gani. Ɓarawo ya taho, ita kuma ta ɗaga kaskon daidai fuskarsa ta hura. Mutumin nan ya shaƙa, ya yi atishawa, ya yi tuntuɓe, fenti ya juye masa tun daga kai. Haka aka kama shi, kore shar, yana ƙamshi kamar ango.

Ita ta ce da gangan ta yi. Wasu sun ce ƙoƙarin kauce masa take. Ni ba na wurin, kuma ba zan ƙaryata babbar mace ba.

Baba Kashim ya zana abin a takarda, gida-gida, da maganar kowa a cikin ɗan da'ira a saman kansa. Ya kai aka buga masa, ya riƙa sayarwa a tasha da bakin kasuwa. Mutane suka so, sai ya ci gaba. Ya ba ta suna Mai Hayaƙi. Ya ba ta ikon tashi sama a kan hayaƙin kaskonta. Ya ƙirƙiro mata abokan gaba, kuma duk wanda ya zauna a Mafoni a lokacin ya san fuskokinsu. Akwai Alhaji Mudu, wanda ya buga gindin mudunsa ya loɓa ciki, in ya auna miki gero sai ki isa gida da rabi. Akwai Sarkin Kwata, wani ƙaton sauro mai rawani da dogarai. Wadda ta fi ba mu tsoro muna yara ita ce Hajiya An Ce. Ba ta da makami. Sai dai ta matso kusa da kunnenki ta ce "an ce", shi ke nan aure ya mutu. Mai Hayaƙi takan cika mata baki da hayaƙi har ta manta abin da aka ce ɗin.

An taɓa yin fim ɗinta sau ɗaya, zamanin kaset. Wani mai ɗaukar bidiyon biki ne ya yi. Ya sa wata yarinya Phebe, 'yar makarantar koyon jinya, ta fito a Mai Hayaƙi. Yarinya mai kirki, doguwa, ta iya naɗa laffaya, amma ƙirjinta ba ya son hayaƙi. Rabin fim ɗin tari take yi, su Alhaji Mudu na tsaye suna jira ta gama su faɗi. Duk da haka mun yafe mata, don aƙalla mace ce.

Ya Suwaiba tana da takardun nan duka a cikin wani tsohon akwati, har da kaset ɗin. Ambaliyar da aka yi a garin nan ta shiga ɗakinta ta mayar da su kunu. Na Baba Kashim kuwa gara ta cinye tun tuni. Shi kansa ya tsufa, kunne ya yi nauyi, ya koma Konduga wurin ɗansa. Abin da ya rage na Mai Hayaƙi a duniya shi ne bakin Ya Suwaiba, da mu da muka yarda da ita.

Ana nan sai ga Mahmud, ɗan yayana, daga Kano, da kyamara da wata doguwar sanda mai gashi a kai ta ɗaukar magana. Wai darakta ne, yana yin finafinan da ake kallo a waya. Ya sauka a gidana, ya ci tuwona. Ni da bakina na ba shi labarin Mai Hayaƙi, na nuna masa ƙofa na ce, "Ga ta can, tsallaka ka gaishe ta."

Ya ce, "Gwaggo, a aikinmu asalin mai labari ake nema."

Ya hau mota ya tafi Konduga. Ya dawo da yamma yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Na tambaye shi, ya ce in jira in gani. Daga nan kullum sai ya fita da sassafe, wai suna ɗauka a wani kango a Fezzan.

A wani biki muka gani. Ya Suwaiba ta gama turara amarya, an kawo shayi, ta buɗe baki ke nan za ta faɗi maganarta, sai wata yarinya Rumaisa'u, ƙanwar ango, ta ce, "Ya Suwaiba, kin ga fim ɗinku ya fito?" Ta miƙo waya. Mata suka taru.

Ga kango, ga hayaƙi baƙi ƙirin, daga baya na ji kwali suka ƙona. Ga wani abu ya fito a naɗe cikin laffaya ruwan hoda, kafaɗunsa kamar ƙofar gareji. Ya mangare Alhaji Mudu, ya ɗaga Sarkin Kwata sama ya jefar. Sannan ya juyo, ya sauke laffayar daga fuskarsa a hankali. Gemu. Abdulmutallib ne, mai keken da ke tsayawa a bakin layinmu, wanda ke ɗaga bokitan siminti kowace safiya don ƙwanji. Shi ne ma ya kawo mu bikin.

Ya dubi kyamara ya ce, "Shekara da shekaru suna zaton mace ce."

Mata suka juyo suna duban Ya Suwaiba. Sai Rumaisa'u ta ce, ba da mugunta ba, da wauta, "Ashe namiji ne. To ke Ya Suwaiba, wace ce ke a ciki?"

Wata ta yi dariya a hanci. Wata tsohuwa, wadda na san sarai ta karanta takardun nan da idonta, ta ce, "Dama fa fuskar a rufe take. Ido kawai muke gani." Wata ta ce an ce mai zanen ne da kansa ya faɗa. An ce. A gabana.

Ya Suwaiba ta ajiye shayin ba ta sha ba, ta ce in ɗauko jaka. Ta ƙi shiga keken Abdulmutallib, muka tari wani.

Daga ranar ta daina zuwa biki. In an turo, sai ta ba da kwalba ta ce su turara da kansu. Matar da ba ta taɓa yin ƙarya a kan ko ƙwayar gajijin turare ba, yanzu ana nuna ƙofarta ana cewa ga gidan mai tatsuniya. Na shiga na same ta tana zaune gaban murhu babu wuta.

Na ce, "Ya Suwaiba, ki fito ki faɗa musu."

Ta ce, "In faɗa musu me? Na faɗa shekara arba'in. Waya ta faɗa sau ɗaya."

Na tsallaka gida na tarar da Mahmud yana cin shinkafata.

"Ajiye cokalin nan."

"Gwaggo, lafiya?"

"Wa ya ce maka namiji ne?"

"Baba Kashim da kansa. Na naɗi muryarsa. Gwaggo, sirri ne na gano wanda duk garin nan ba wanda ya lura."

Ya kunna min. Ga muryar tsoho tana rawa: "Mai Hayaƙi, shi ne ya fito daga gida. Ya ɗaura laffaya. Ya ɗauki kasko. Shi ba ya tsoro ko kaɗan."

Mahmud ya kashe ya ce, "Kin ji? Shi. Ya. Kuma na bincika, Mai da Kanuri sarki ne. Sarkin Hayaƙi ke nan. Komai ya haɗu."

Na daɗe ina kallonsa. Wannan yaro ya yi jami'a.

Ku da ba 'yan garin nan ba, ku saurara. Kanuri ba ya raba mace da namiji a magana. Namiji shi, mace shi. In tsohon Kanuri ya juya harshe zuwa Hausa, da abinsa yake tahowa. Zai ce miki "matata ya tafi kasuwa" kuma ba wanda zai ɗaga kai. Mu da muka tashi a nan kunnenmu ya san yadda ake ji, kamar yadda su ma suke haƙuri da irin kisan da muke yi wa Kanurinsu. Ba laifin tsoho ba ne. Laifin wanda ya zo garin mutane da sanda mai gashi ne bai zo da kunne ba. Batun Mai kuwa, ni ma mai tuwo ce a gidan nan, ba wanda ya naɗa min rawani.

Na faɗa masa duk wannan. Ya ce, "Gwaggo, wannan fassararki ce. Ni abin da ke cikin na'ura nake bi."

Na ce to a kira tsohon. Muka kira wayar ɗansa, aka kai masa.

Na ɗaga murya na ce, "Baba Kashim, wushe. Lauratu ce ta Mafoni. Mai Hayaƙi mace ce ko namiji?"

Ya ce, "Kalewa, kalewa." Wato lafiya lau.

"Baba, mace ko namiji?"

"An yi ruwa jiya. Gero ya yi kyau."

Mahmud ya koma kan shinkafarsa. Na ɗauke kwanon.

Washegari na shiga motar Konduga da kaina. Na tarar da Baba Kashim a gindin dogonyaro yana zana doki a ƙasa da tsinke. Ban tsaya dogon bayani ba, don ko na yi ba zai ji ba. Na ce wa ɗansa ina aron babansa zuwa la'asar. Tsohon ya ji an ce Maiduguri, ya sa babbar riga da doguwar hula, ya zauna a gaban mota yana gyara wa direba hanya.

Fitar da Ya Suwaiba daga gida ya fi ɗauko shi wuya. Sai da na ce mata tsoho ya taso tun daga Konduga, in ta ƙi gaishe shi ita ta sani. Wannan ne ya tashe ta. Ta naɗa laffaya, ta ɗauki kaskonta don ba ta fita ba shi, muka nufi Fezzan mu uku a keke.

Mun tarar ana tsakiyar ɗauka. Kwali na ci, kowa na hawaye. Abdulmutallib na tsaye a kan durom cikin laffayar nan ruwan hoda, ya naɗa ta kamar wanda zai yi dambe, ƙafafunsa masu gashi a waje. Da ya hango mu sai ya diro, ya durƙusa.

"Mama, sannunku da zuwa. Wallahi ni aiki aka ba ni."



Mahmud ya taho da sauri, ya kama hannun tsohon. "Baba, sannu da hanya. Ga Mai Hayaƙinka, ka gani da idonka."

Wani abu game da Baba Kashim: in ya ga baƙon Kano, yakan so ya nuna shi ma ya iya Hausar Kano. Sai ya tuna akwai wata "ta" da ake sawa a wani wuri, ya ɗauko ta ya ajiye inda ya ga dama. Ya ƙare wa Abdulmutallib kallo daga gemu har yatsun ƙafa.

Ya ce, "Wannan wace ce?"

Mahmud ya ce da ƙarfi, "Mai Hayaƙi, Baba."

"Ita? Ita ai ƙato ce. Ta yi gemu. Wa ta ba ta zanen mata?"

Yaran da ke riƙe da fitilu suka fara duban juna.  Tsohon ya juya, idonsa ya sauka a kan Ya Suwaiba da ke tsaye a baya da kasko a hannu. Fuskarsa ta washe, ya manta da baƙon Kano da Hausar Kano gaba ɗaya.

"Ga shi nan. Ga Mai Hayaƙi. Shi ne ya kama ɓarawona. Suwaiba, ka tsufa. Na ji mijinka ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Yaran da ka haifa suna lafiya?"

Ya Suwaiba ta ce, "Suna lafiya, Baba."

Ya dafa kafaɗar Mahmud ya ce, "Wannan, da yana budurwa, duk Mafoni ba mai kyansa. Na so in aure shi. Babansa ya ce ba ya ba mai fenti."

Wannan ko ni ban taɓa ji ba. Ya Suwaiba ta ja laffaya ta rufe baki, ta ce, "Baba, a gaban yara."

Na dubi Mahmud na ce, "Na'urarka tana kunne? Naɗi wannan ma. Mijinka. Yaran da ka haifa. Ka kai Kano a fassara maka."

Ya zauna a kan bulo ya riƙe kai. Can ya ce, "Gwaggo, mutane sun riga sun kalla. Ba zan iya gogewa ba."

"Ba ka iya gogewa, amma ka iya goge mace."

Abdulmutallib ne, Allah ya yi masa albarka, ya kawo mafita, yana ta fama da laffayar da ta harɗe masa ƙafa. Ya ce, "Darakta, ka mayar da ni mugu mana. Ka ce sato kayan na yi daga kan igiyar shanya, ina yawo ina cewa ni ne. Sai mai abin ta zo ta karɓi abinta. Ni dama na gaji. Tun da fim ɗin nan ya fito, ko fasinja na tsaya ɗauka sai ya ce Hajiya, Baga Road."

Mahmud ya ɗago kai a hankali. Na ga ya fara ɗaukar shawarar kamar daga kansa ta fito. Ya je gaban Ya Suwaiba ya durƙusa, wannan karon da gaske.

"Hajiya, na yi kuskure. Za ki fito?"

Ta ce, "Ba na gudu. Ba na tsalle. Ba na hawa durom. A kawo min tabarma. Kuma a kashe wannan ƙazantar, ba a ƙona kwali a inda nake."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar kango. Ta zauna, ta miƙe ƙafar hagu, na hura mata gawayi. Ta buɗe wata ƙaramar kwalba da ban taɓa ganin ta buɗe wa amaryar kowa ba, ta ɗiba da yatsu uku ta barbaɗa. Hayaƙi ya tashi fari, siriri, ya bi kangon nan da ke warin fitsarin awaki ya mayar da shi ɗakin amarya. Ta ja laffaya har hanci.

Mahmud ya yi wa Abdulmutallib bayani: zai taho da gudu yana ruri, hayaƙi ya same shi, ya kama wuya ya faɗi. Aka ce a fara. Ya taho da gudu yana ruri. Hayaƙi ya same shi. Ya tsaya cak, ya lumshe ido, ya ja numfashi.

"Mama, wannan turaren da hawi a ciki?"

Mahmud ya ce a yanke. Aka sake. Ya taho, ya tsaya, ya ce matarsa ta daɗe tana neman irin wannan. Aka sake. A karo na gaba Sarkin Kwata, wanda ya kamata a ce ya mutu tun ɗazu, ya taso daga ƙasa da fukafukansa na leda ya matso kusa yana shanya rigarsa a kan kaskon. Baba Kashim na gefe a kan kujera yana ta ba da umarni da Kanuri, ba wanda ya san da wa yake.

Ya Suwaiba ta gaji. Da Abdulmutallib ya sake tahowa ya sunkuya yana shaƙa, sai ta juya maficinta ta kwaɗa masa ƙotar a tsakiyar goshi. Ƙaton nan ya yi baya, laffaya ta harɗe shi, ya zube ƙasa da gaske. Ta miƙa hannu ta kama bakin laffayar ta ja, yana mirginawa tana naɗewa, har ta raba shi da ita tas, ya rage daga shi sai singileti da gajeren wando. Ta ninke ta ta ajiye a gefe. Sannan ta sauke tata daga fuska, ta dubi kyamara. Mahmud ya ba ta dogon jawabi da za ta yi a wurin, na jarumta da kare talakawa. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Ta ce, "Ni ce. A wanke wannan kafin a mayar wa mai ita."

Haka aka saki fim ɗin, ba a cire komai ba.

Ina da ƙorafi a kan fim ɗin, kuma zan faɗa. An ɗauke ta daga sama, ta fito kamar tulu. An sa wani kiɗa mai kama da na 'yan dambe. An nuna hannuna ina hura gawayi amma ba a nuna fuskata ba, kuma ba a sa sunana ba, alhali ni na je Konduga. Mahmud yana gaya wa mutane wai tun farko haka ya tsara, don ya ja hankalin masu kallo. In kun haɗu da shi ku ce gwaggonsa ta ce ƙarya yake.

Bayan fitowarsa da 'yan kwanaki aka turo keke daga Fezzan, bikin wata jikar ƙawar Ya Suwaiba. Ina tsakar gida na ji muryarta ta kan katanga.

"Lauratu, ɗauko jaka."

Abdulmutallib ne ya zo ɗaukarmu, da ƙulu a goshi. Wannan karon ta shiga kekensa.

Gidan bikin cike yake. Da muka shiga sai surutu ya ragu, mata suka riƙa matsawa suna ba ta hanya. Tsohuwar nan mai cewa ido kawai ake gani ta taso tana faɗin ita dama tun farko ta san idon mace ne. Rumaisa'u ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta kasa ɗago kai, ta ce ko za a yi hoto. Ya Suwaiba ta ce sai ta gama aiki.

Ta turara ɗaki, ta turara amarya, ta yi wa gwaggon amarya faɗa a kan gawayi mai danshi. Aka kawo shayi. Ta zauna ta miƙe ƙafa. Duk ɗakin aka yi shiru ana jira ta faɗi maganarta, har da masu ɗaga waya.

Ta kurɓi shayin, ta ce sukari ya yi yawa, a ƙaro ruwan zafi. Ta shanye, ta nemi na biyu. Mu ne ƙarshen fita daga gidan.